Abin da Na Gani a Ingila Game da Tiyatar Muƙamuƙi

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da iyali a Kaduna, na bi diddigin maganar 'yar wajenka, wadda muƙamuƙinta na ƙasa ya zarce na sama har haƙoran gaba ba sa haɗuwa, da batun ko a kawo ta nan Ingila a yi mata tiyata.

A nan ba da wuƙa ake farawa ba. Likitan daidaita haƙora ne yake fara ɗaura wa mutum waya a haƙora na tsawon wata 12 zuwa 18, kuma a wannan lokaci haɓar takan ƙara fitowa, abin da yake karya wa yara gwiwa idan ba a yi musu bayani tun farko ba. Sai haƙora sun zauna daidai sannan likitan tiyata ya shiga ta cikin baki, ya tsaga ƙashin ta dama da hagu, ya mayar da shi baya, ya kafe shi da ƙananan ƙarafa da kusoshin taitaniyam, shi ya sa ba a ganin tabo a fuska. 'Yar maƙwabciyata da aka yi wa ta shafe mako shida tana shan kunu da abinci mai laushi, kuma leɓenta na ƙasa ya yi watanni ba ta jin taɓi a wurin, domin jijiyarsa ta cikin ƙashin take bi.

Hukumar lafiya ta gwamnatin nan, wato NHS, takan yi wa mazauna ƙasa aikin kyauta, bayan doguwar jira. Amma baƙon da ya zo da bizar ziyara kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin ake cajinsa, ga shi kuma ana duba wayar duk bayan mako shida zuwa takwas. Wa zai riƙa wannan zirga-zirga daga Kaduna?

Ni dai ban ga likitocin nan sun fi likitocinmu hannu ba. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai ƙwararrun tiyatar fuska da muƙamuƙi. Inda aka fi mu shi ne yawan likitocin waya, da kuma sauƙe wa iyaye nauyin biya daga aljihu.

'Yar wajenka shekarunta 15, ƙashinta bai gama girma ba, kuma idan aka yi gaggawa haɓar tana iya sake fitowa. Don Allah ka kai ta Shika a ɗauki hoton ƙashin daga gefe, ka turo mini. Kuɗin wayar ni zan biya.