Beriliyom ko lu'ulu'u: wanda zan ce ka ɗauka

Ƙanena, tunda ka ce ka rasa na zaɓa tsakanin ɓawon beriliyom da na lu'ulu'u (daimon) a memuwar ɗinka kan haɗa ƙwayoyin zarra da leza, ɗauki beriliyom. A kansa na yi nawa a Yamai kafin in dawo koyarwa nan Tahoua, takardun ma suna nan cikin akwatina, gefensu duk ya yi ja da ƙura.

Ranar da na fara zuwa wurin malamin da ya duba aikina, ƙwayar masoro ya ɗora mini a tafin hannu, mai ƴar wutsiyar nan. Ya ce girman ƙwayar da ake matsewa da leza ke nan, ɗan ƙwallo mai ɓawo, wajen milimita 2, wutsiyar kuma ita ce siririn bututun da ake ɗura man, wato ditiriyom da tiritiyom (nau'o'in haidurojin masu nauyi), ta cikinsa, a sanyaya su har su daskare a jikin ɓawon. A NIF, babbar cibiyar gwajin leza da ke can Livermore ta Kaliforniya, haskokin leza 192 ba ƙwayar suke duka kai tsaye ba. Cikin wani ɗan gwangwani na zinariya suke shiga (wani lokaci na yuraniyom ne aka shafe da zinariya, kai ma ka san da jin haka sai Arlit ta faɗo maka a rai), bangonsa ya ɗau zafi ya fitar da hasken X, shi kuma ya ci bayan ɓawon. Abin da ya ƙone ya yi waje a guje, saura ya danne man da ke ciki.

A nan ne beriliyom ya shiga raina. Lambarsa ta zarra 4 ce kacal, hasken X yana ratsa shi cikin sauƙi, saboda haka yakan shiga da zurfi ya ɗebi ɓawo mai yawa, turin ya yi ƙarfi. Saurin cin nan kuma yana aske ƙananan tudun da ke jikin ɓawon tun kafin su girma su zama yatsun Rayleigh-Taylor, irin waɗanda ruwa ke yi in ka zuba shi bisa mai yana neman ƙasa. Ana ɗan gauraya masa jan ƙarfe don ya tare hasken X mai kaifi, kada man ya ɗumama tun ba a matse shi ba. Na tuna daren da lissafin ya fito mini daidai, babu wuta, fitilar waya a baki, zufa na ɗiga kan takarda. Sai da na tashi abokin ɗakina daga barci, shi kuwa shari'a yake karanta, ko a jikinsa.

To, ga abin da zai ba ka abin rubutawa. Da mutanen cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka suka kai shi NIF a 2014, alherinsa ne ya zame masa matsala. Yawan abin da yake fesowa yana cika gwangwanin, ya tare haskokin da ke nufar tsakiya, ƙwayar ta matsu ta sama da ƙasa ta fito kamar masa maimakon dunƙule. Ƙera shi ma aiki ne: feshe shi ake yi kaɗan-kaɗan a kan wani ƙwallon roba, sai ya yi tsaki-tsaki, iskar argon ta maƙale a ciki. Ido ba ya ratsa shi, sai da hasken X ake duba ƙanƙarar da ke ciki. Ƙurarsa kuwa guba ce, tana lalata huhu. Yadda aka yi wanda ya fi kyau a takarda ya kasa a fili, wannan kaɗai ya ishe ka babi biyu.

Lu'ulu'u dai shi ya ci, ba na musu. Nauyinsa giram 3.5 a santimita kubik, na beriliyom 1.85, don haka ɓawonsa siriri ne, harbin gajere, an gama kafin gwangwani ya cika. Da shi aka yi harbin NIF na 5 ga Disamba 2022, makamashin leza megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Amma kowa shi yake kwafa, masu sauraronka ranar sutnans sun ji labarin har sun gaji.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da takardu a kile (USB). Wani ya karɓe mini jaka 15, wai binciken sirri ne na Amurka. Da na buɗe, rabi kyauta suke a shafin OSTI na ma'aikatar makamashinsu, sauran kuwa babu ruwansu da leza. Haka masu tallar “guntun beriliyom” a WhatsApp: in na ƙarya ne ka sayi alminiyom da tsada, in na gaske ne ka goga shi ka shaƙi cuta. Ba ka buƙatar taɓa shi, aikinka lissafi ne.

In ka zo hutu ka biyo ta gida bayan la'asar, ka taho da kuɗin foto kopi. Na asali ba ya fita daga akwatin.