Wutar Dare da Wutar Rana: Wasiƙa Daga Bradford

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali duka suna lafiya, ina so in amsa tambayar da ka yi mini tun lokacin da hukumar kula da lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'o'i 20 a kullum, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, a watan Afrilun 2024. Ka tambaya ko gaskiya ne a Ingila wuta ba ta ɗaukewa kuma ba ta da tsada. Maganar rashin ɗaukewa gaskiya ce, domin sai mutum ya shekara bai ga duhu ba, amma tsada kam tana nan, har ta kai magidanta suna lissafin sa'ar da za su kunna injin wanki kamar yadda mai shago yake lissafin cinikin yini.

Tsadar ta tsananta ne a 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren kuma farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo, alhali da gas ake samar da kaso mai yawa na lantarkin ƙasar nan. Akwai hukuma mai suna Ofgem wadda tun 2019 take ƙayyade iyakar abin da kamfani zai caji gida a kan kowane yunit. A Afrilun 2022 ta ɗaga wannan iyaka da kashi 54 cikin ɗari, kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida ya koma fam 1,971 a shekara, sannan ta sanar cewa a Oktoba zai kai fam 3,549. Sai da gwamnatin Liz Truss ta shiga tsakani ta tsayar da shi a kan fam 2,500, aka kuma rage wa kowane gida fam 400 a cikin wannan hunturu. Farashin ya sauko daga baya, amma bai koma inda yake kafin rikicin ba, kuma yanzu duk bayan wata uku ake sake duba shi. Bayan kuɗin yunit akwai wani kuɗi na kullum da ake biya saboda kasancewar waya ta shigo gidanka, ko da ka rufe gidan ka tafi Kano hutu.

Gidan da nake haya ba shi da bututun gas, komai da lantarki yake aiki, kuma mitarsa tana kan wani tsari da ake kira Economy 7, wanda aka fara tun 1978. Mitar tana da lissafi biyu, na rana daban, na dare daban. Sa'o'i bakwai na dare, waɗanda a yawancin yankuna suke faɗawa tsakanin sha biyu da bakwai na safe ko kusa da haka, ana sayar da wutarsu da rahusa, sauran sa'o'i goma sha bakwai kuwa sun fi farashin gama-gari tsada. Dalilin kafa tsarin shi ne manyan tashoshin kwal da na nukiliya ba a iya kashe su da dare a tayar da safe, don haka aka nemi masu sayen wutar da take zuba a lokacin da masana'antu suka rufe kuma jama'a suke barci. Tashar kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, an rufe ta a ƙarshen Satumbar 2024, amma injinan iska da aka kakkafa a teku da tuddai suna ci gaba da juyawa cikin dare, saboda haka rarar wutar dare ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne hitar da take jingine da bangon falo. Wani akwatin ƙarfe ne mai nauyin gaske, cikinsa cike da bulo. Da dare wuta tana gasa bulon, da rana kuma yana sakin ɗumin a hankali, daidai da yadda soron ƙasa na gidanmu yake shan rana tun hantsi, ya kwana yana mayar da zafin ga masu ɗaki. Tana da maɓallai biyu, ɗaya yana ƙayyade yawan zafin da za ta ɗiba, ɗaya kuma yana buɗe ƙofar da zafin yake fita. A hunturuna na farko na bar maɓallin sakin a buɗe gaba ɗaya, sai ya zama ɗakin yana da ɗumi da safe lokacin da kowa ya fita, da magariba kuwa bulon ya huce, yara suna rawar ɗari, ni kuma in jona ƙaramar hita mai fanka a daidai sa'ar da wuta ta fi tsada. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta shigo ta nuna wa uwargida cewa a rufe maɓallin sakin kafin a kwanta, a bar shi a rufe har la'asar, sannan a buɗe kaɗan-kaɗan, a kuma riƙa duba hasashen yanayin gobe kafin a saita na ɗiban. Wannan gyara kaɗai ya sauya takardar kuɗinmu fiye da duk kashe ƙwayayen fitila da muka riƙa yi.

Haka tankin ruwan zafi yake. Mun saita masa agogo ya kama aiki a cikin sa'o'in rahusa, mun lulluɓe shi da rigar da ake sayarwa don kada ya huce, ruwan wanka da na alwala da na wanke-wanke duka daga nan suke fitowa har dare. A hunturu sallar asuba tana kaiwa wajen ƙarfe shida, wato tana cikin lokacin rahusa, don haka idan na tashi sai in kunna injin wanki, in yi gugar kayan makarantar yara, uwargida kuma ta ɗora abin da yake son daɗewa a kan wuta, kamar wake ko ganda. Na zaɓi asuba a kan tsakar dare ne saboda jami'an kashe gobara na nan suna gargaɗin kada a bar injin wanki ko na busar da kaya yana aiki alhali mutanen gida suna barci, kuma a gidan bene mai sassan haya da yawa, ƙugin injin da ƙarfe biyun dare shiga haƙƙin na ƙasa da kai ne. Watan azumi ya zo mana da sauƙi ta wannan fuska, tun da girkin sahur a cikin wutar rahusa ake yin sa, sai dai na buɗa-baki yana faɗawa ne a lokacin tsada.

Akwai wani tarko da ya kama ni a ƙarshen Maris na 2023, ana cikin azumi. A nan ana tura agogo gaba da sa'a ɗaya idan bazara ta shigo, a mayar da shi baya a ƙarshen Oktoba, amma tsofaffin mitoci da yawa ba sa bin wannan sauyi. Na gyara agogon tanki ya dace da na bango, ban san cewa mitar tana nan a kan lokacinta na hunturu ba, sai tankin ya riƙa tashi sa'a guda kafin rahusa ta fara, yana cin wutar rana a kowane dare har tsawon makonni. Na gano haka ne ranar da na tsaya a gaban mita da tocila bayan sha biyu, na ga lambar rana ce take motsi, ta dare tana tsaye. Tun daga ranar, duk lokacin da aka sauya agogo sai na je na tsaya na ga sa'ar da lissafin yake juyawa da idona.

Ba kowane gida tsarin yake yi wa amfani ba, kuma wannan ne abin da nake faɗa wa duk ɗan uwanmu da ya zo karatu ya kama haya. Mu ɗauka, don misali kawai, farashin gama-gari kwabon Ingila 25 ne a kan yunit, na rana a tsarin nan 30, na dare 15. A wannan lissafi sai kashi ɗaya cikin uku na wutarka ya koma dare kafin ka yi kunnen doki da mai biyan farashin gama-gari, kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce ya kusanci kashi 40 cikin ɗari. Wanda yake ɗumama gida da gas, ko wanda yake yini a ɗaki yana aiki da kwamfuta da hita a gefensa, asara yake yi yana zaton riba. Cajin waya da dare ba ya tara komai, domin abubuwan da suke haifar da zafi su ne masu shan wuta, wato hita da tanki da murhu da dutsen guga da injin busar da kaya. Firji kuwa ba shi da sa'a, dare da rana yana aiki.

Sababbin mitoci masu aika lissafi da kansu suna rubuta abin da aka sha a kowane rabin sa'a, kuma wannan ya buɗe ƙofar wasu tsare-tsaren. Kamfanin Octopus Energy yana da wanda farashinsa yake sauyawa duk minti talatin, ana sanar da na gobe tun yammacin yau, kuma a daren da iska ta yi ƙarfi farashin yakan faɗi ƙasa da sifili, har ya zama kai ake biya idan ka sha wuta. Tsakanin ƙarfe huɗu da bakwai na yamma kuwa, lokacin da ƙasa duka ta dawo gida ta ɗora tukunya, yana hawa sosai. Masu motar lantarki da masu batir a gida su ne suka fi cin moriyarsa. A ganina akwai rashin daidaito a nan, domin mai halin sayen batir da mota shi ne yake samun wuta mafi araha, mai haya a tsohon gini kuma, wanda yake zuwa shagon unguwa ya loda kuɗi a makullin mitarsa kamar yadda kuke sayen kati, ba shi da ikon sauya hitar da mai gida ya kafa masa.

Idan na kwatanta da gida, bambancin da na gani shi ne a nan sa'a ce take yanke farashi, a wajenku kuwa layin da gidanka yake kai ne, daga Band A da aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 zuwa Band E mai sa'o'i huɗu. Tashi cikin dare domin wuta kuwa ba a Ingila na koye shi ba. Ka tuna yadda Inna takan tashe mu da ƙarfe ɗaya idan an kawo wuta, wannan ya kama guga, wancan ya kunna injin ruwa, a jera robobi a firiza kafin a ɗauke. A wajenku ma akwai farashi biyu, ko da mita ba ta nuna su: wutar layi ita ce mai rahusa duk da ƙarin da aka yi, wutar janareta ita ce mai tsada, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Don haka game da kuɗin da ka ce kana tarawa domin sauya janareta, ni da zan ba da shawara sai in ce ka fara da inbata da batura masu kyau, ka cika su a sa'o'in da layinku yake samun wuta, ka ƙara faifan sola idan hali ya yi, sannan ka ware guga da injin ruwa da firiza a kan wutar layi kaɗai. Kafin ka sayi komai, ka sa babban yaronka ya riƙa rubuta sa'ar da aka kawo wuta da sa'ar da aka ɗauke, tare da lambar mita safe da yamma, har tsawon mako biyu, ka turo mini hoton takardar mu lissafa girman batirin tare. A gaishe mini da Inna da su Hajiya da yara duka.