Masu neman gidan haya a Kaduna ku yi hattara, an damfare ni naira 1,035,000

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Unguwar Dosa, Kawo da Hayin Banki yana cewa shi dillalin gidaje ne. Ɓarawo ne. Shi da wani dattijo abokin cin mushensa sun karɓe min naira 1,035,000 a kan gidan da ba nasu ba. Naira 900,000 hayar shekara, 90,000 la'adarsa, 45,000 wai kuɗin lauya. Kuɗin da na daɗe ina tarawa don in samu inda zan ajiye amaryata.

Masu ce min "ai da ka bincika", ku saurara da kyau. Ba hoto na gani a Facebook na tura kuɗi ba. Da ƙafata na je gidan. Da mukulli ya buɗe get ɗin, a gabana ya zaro shi daga aljihu, ba ɓalle kwaɗo ya yi ba. Ciki biyu da falo, an yi sabon fenti, bokitan ma suna nan jere a tsakar gida. Ya danna mitar wuta ya nuna min abin da ya rage a ciki. Na murɗa famfo, ruwa ya zo. Wani maƙwabci ya wuce ya ce masa "sannu da aiki". To wa zai ga wannan ya kawo wani abu a ransa? Ku gaya min, wa?

Kuma na ce sai na ga mai gida. Ni na nace a kan haka. Shi ne ya kawo dattijon, farin gemu, carbi a hannu, ya ce ƙanin marigayi ne, shi ne wakilin magada. Har yanzu muryarsa na kunnena: "Ango, gidan marayu ne, ba mai rigima muke nema ba, kai kuwa na ga natsuwa a tare da kai." Baba nake ce masa. Sahu ɗaya muka yi sallar la'asar a masallacin layin, kafaɗata na gogar tasa, muna fitowa na tura naira 900,000. Kullum na kwanta sai wannan sallar ta dawo min. Mutum ya ɗaga goshi daga sujada ya miƙo maka lambar asusun sata!

Ranar jere aka tona. Gwaggonnin amarya sun zo da kaya cike da akori-kura, gado, katifa, kujeru, sai ga wani sabon kwaɗo a get. A'a, kafin nan ma na kira dillalin da safe wayarsa a kashe, na ɗauka matsalar caji ce, don tun ranar da na biya 45,000 ɗin ya ba ni mukulli ɗaya, ya ce sauran sai fenti ya bushe, kuma mukullin ya buɗe da na gwada. Ana cikin haka wani saurayi ya tsayar da babur ya ce lafiya kuke sauke kaya a ƙofar gidan mahaifinmu? A gaban surukaina. Wata gwaggo ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, ina takardar taka?" Na miƙa, hannuna na rawa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ashe mai gidan ya rasu da gaske, amma ba shi da ƙani mai wannan kama. Maganar rabon gadon tana gaban kotun shari'ar Musulunci, ba a kammala ba. Magadan sun ba masu fenti mukulli ne don a gyara gidan kafin a yi masa kuɗi, dillalin nan kuwa cikin masu fentin yake. Dalilin "sannu da aiki" ke nan. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a gaban mai unguwa na haɗu da wasu mutum biyu masu takarda irin tawa sak.

Lauyan da na je wurinsa yana duba takardar ya ce babu hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, wanda ke ɗauke da sunan lauya da lambarsa, don haka ba lauya ne ya rubuta ta ba. Naira 45,000 na biya a kan takardar shagon kwamfuta. Ya ƙara da cewa gidan gado kafin a raba na dukkan magada ne, matar marigayi na da tumuninta in akwai 'ya'ya, kowane ɗa da rabonsa, shi ya sa ko ɗan cikin gidan ne ya karɓi kuɗina shi kaɗai ba da yardar sauran ba, rigima na saya. Ban ga laifin magadan ba, su ma cutarsu aka yi.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai irin wannan laifi, kuma ba zan janye ba ko wa aka turo min ban haƙuri. Naira 1,035,000 ba tsintarta na yi ba. Amaryata na gidan yayana, kayanta na jibge a shagon wani.

In an ce maka gidan gado ne, nemi takardar wakilci da sa hannun magada ko ta kotu. Je wurin mai unguwa kai kaɗai, ba tare da dillali ba. In da hali lauyanka ya duba sunan mai gidan a KADGIS, hukumar da ke rajistar filaye a jihar Kaduna.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp, shaidar tura kuɗin da takardar bogin duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar lauya ya ce babu matsala. Duk wanda aka nuna wa gida mai sabon fenti a wannan yankin, aka kawo masa dattijo mai carbi, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa ƙararmu wuri ɗaya.