Gargaɗi ga masu sayen laftof a Bauchi: damfarar "batir awa takwas"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne musamman ga ɗaliban ATBU da na Foli da ke Gwallameji, da iyayen da ke haɗa kuɗi da ƙyar don su saya wa yaro kwamfutar karatu. Akwai wasu masu tallar laftof 'yan gwanjo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook. Ba su da shago, sai dai a yi alkawari a haɗu a bakin titi wajen Yelwa ko Wunti. Abin da suke jan mutane da shi guda ɗaya ne: "Batir awa takwas, ba ruwanka da NEPA." A garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, wa zai ƙi? Su kunna maka, su kai linzami kan alamar batir, ka gani da idonka an rubuta saura awa 7 ko 8. Ƙaryar ba a rubutun take ba, tana wajen yadda aka sa kwamfutar ta rubuta shi.

Ni gyaran kwamfuta nake yi, bari in bayyana yadda abin yake. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke yin duk lissafi, ba ta gudu da ƙarfi ɗaya kullum. Tun 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wani tsari mai suna ACPI, wanda ta hanyarsa BIOS, wato manhajar da ke kwance cikin bodin kwamfuta tun daga masana'anta, ke sanar da Windows ko Linux abin da na'urar za ta iya: matakan gudu nawa firosesa ke da su, matakan barci nawa za ta iya shiga idan babu aiki, da kuma cajin da ya rage a batir. Daga nan Windows ke zaɓa. Aiki ya yi nauyi ta ɗaga gudu, wuta ta ƙara tafiya, fanka ta tashi. Aiki ya lafa ta sauke. A firosesocin Intel daga zubi na 6, wanda ya fito a 2015, ita firosesar ma tana iya zaɓar gudunta da kanta, amma cikin iyakar da aka gindaya mata.

To wannan iyakar ita ce mazambatan ke taɓawa. A saitin wuta na Windows akwai wurin da ake ƙayyade iyakar ƙarfin firosesa, wanda a saitin da aka saba yana kan kashi 100. Sai su mayar da shi 20 ko 30. Wanda ya fi wayo BIOS yake shiga, ya kashe Turbo Boost, wato ƙarin gudun da firosesa ke yi idan aiki ya yi nauyi, wani lokaci har ya rage yawan ƙwayoyin firosesa da ke aiki, don ya san mai saye ba zai leƙa can ba. Ya dushe hasken sikirin, ya kashe waya-fai, ya rufe duk wata manhaja. Awannin da Windows ke nunawa kuma ƙiyasi ne kawai: cajin da ya rage, a raba da wutar da ake ja a wannan lokacin. A ce batirin da ya tsufa yana riƙe wat-awa 24 kacal (wat-awa ma'aunin cajin da batir ke ɗauka ne). Idan kwamfutar na jan wat 3, lissafi zai ba da awa 8. Ka buɗe Chrome da Word da bidiyon lacca ta koma jan wat 18, ka ga saura awa ɗaya da minti 20. Kamar mai sayar da babur ne ya gwada maka ba ya shan mai, alhali a gangara ya tuƙa shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zagaye na biyu. Bayan kwana biyu yaro ya ga kwamfuta na jan ƙafa, ko fayil ɗin PDF sai ta yi nishi kafin ta buɗe. Ya kira wanda ya sayar masa, shi kuma ya ce, "Ayya ƙanena, kai wa injiniyana ya duba." Injiniyan nasu ne. Zai ce BIOS ce ta lalace sai an yi mata filashin, wato a sake ɗora ta, ko ya ce firosesa ta gaji sai an canja. Ku sani, a yawancin siraran laftof na shekarun nan firosesa a liƙe take da dalma jikin bodi, ba a cire ta da sukudireba. Abin da zai yi kawai ya mayar da saitin yadda yake, aikin minti biyu, ya karɓi kuɗin babban gyara. Kwamfuta ta dawo da gudu, batir ya fara mutuwa kafin a idar da lacca ɗaya, sai kuma a ce ai cajar da kake yi da janareta ce ta kashe shi, ga sabo nan idan kana so.

Ita ma caja a lura da ita. Cajojin Dell masu zagayen baki suna da siririyar allura a tsakiya da ke gaya wa kwamfuta ƙarfinsu, wat 65 ne ko 90. Idan jabu ce ko allurar ta karye, BIOS kan nuna gargaɗi cewa ba ta gane cajar ba, ta danne gudun firosesa, sau da yawa ta ƙi caja batirin ma. Ana iya kashe wannan gargaɗin a cikin BIOS, kuma masu haɗa ka da jabun caja sun san wurin.

Kafin ka tura ko naira ɗaya, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce a sake kunna kwamfutar a gabanka a shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Ka zaɓi mayar da komai saitin asali. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai sayarwa ya fara kame-kame, ka kama gabanka, domin irin wannan ko dai akwai abin da ake ɓoyewa ko kuma asalin mai ita daban ne. Cikin Windows ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na yanzu bai kai rabi ba, ka cire kuɗin batir daga farashi. Sai dai ana iya taɓa ƙwaƙwalwar batir ta faɗi ƙarya, don haka rahoton kaɗai bai isa ba. Ka tabbata iyakar firosesa na kan 100, ka cire caja, ka ƙure haske, ka kunna bidiyo na minti 20 kana kallon gudun firosesa a Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin da kwamfuta ke yi. Wadda gudunta ya maƙale ƙasa da gigahaz 1 duk da ana aiki mai nauyi, akwai abin da ke danne ta. Cajin da ya sauka kashi 25 cikin waɗannan mintuna, ka san awa ɗaya da 'yan kai ne gaskiyar batirin.

Mai gaskiya zai zauna ya jira, har ya ba ka rasit mai ɗauke da lambar siriyal da sharaɗin maido da kaya cikin kwanakin da kuka amince. Waɗannan kuwa kullum sauri suke yi, wai wani kwastoma na jiransu a Muda Lawal. Duk wanda aka riga aka yi wa, ya adana hirar WhatsApp da shaidar tura kuɗi ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma ya sanar da shugaban guruf ɗin da aka yi tallar don a cire lambar.