Karatu a Hawai: Manoa, Hilo ko Laie, ina za ka ajiye jakarka?

Wanda ya san Hawai a hoto kawai, teku shuɗi da bishiyar kwakwa yake gani. Wanda zai shekara huɗu a can kuwa, kuɗin haya da ruwan sama da abin da zai ci ne za su dame shi. Hawai jiha ce ta 50 a Amurka tun 1959, tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya. Wannan nisan shi ke saka farashin komai, domin yawancin abincin da ake ci jirgin ruwa ne ke kawo shi, wutar lantarkinsu kuma ita ce mafi tsada a duk Amurka. Don haka kafin ka tambayi wace jami'a ta fi suna, tambayi wane tsibiri aljihunka da halinka za su iya ɗauka.

A fara da Jami'ar Hawai da ke Manoa, uwar sauran rassanta. An kafa ta a 1907, tana cikin wani kwari a Honolulu, a tsibirin Owahu inda mafi yawan mutanen jihar suke zaune. Ɗalibanta sun kai wajen 20,000, ta kuma yi fice a nazarin teku da taurari da noman ƙasashe masu zafi. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina, domin abin da ka koya a kan ƙasa da ƙwari da ban ruwa a can zai yi maka amfani idan ka dawo gida, ba kamar noman ƙasar ƙanƙara ba. A nan ne mahaifin Barack Obama ya yi karatu da ya zo daga Kenya a 1959. Akwai masallaci a unguwar Manoa ɗin, ba nisa da makaranta, kuma bas ɗin gari ya ishe ka zirga-zirga ba sai ka sayi mota ba. Aibinta ɗaya ne, amma babba: hayar ɗaki a Honolulu na cinye mutum. Idan digiri na biyu ko na uku kake nema, ka dage sai ka samu aikin taimaka wa malami, wanda ke zuwa da alawus da rangwamen kuɗin makaranta. In babu wannan, gaskiya ka sake tunani.

Hilo, inda wani reshen Jami'ar Hawai yake, tana tsibirin da ake kira Babban Tsibiri, kuma wata duniya ce daban. Iska na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da danshi, ta bugi duwatsu, ta juye ruwanta a gefen da ta fara samu, ta bar ɗaya gefen a bushe. Hilo a gefen jiƙa take. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya haura milimita 3,000, alhali na bakin tekun Honolulu bai kai 500 ba. Ɗan Zandar ko Katsina da ya saba shanya riga da hantsi ya kwashe kafin azahar zai ga takalminsa ya yi fumfuna a cikin kabad. Amma haya ta fi sauƙi, azuzuwa ƙanana ne, malami zai san sunanka. Suna da kwalejin haɗa magunguna, ga Mauna Keya mai tsayin mita 4,207 inda manyan na'urorin hangen taurari suke, ga dutsen Kilaweya da ya yi aman wuta a 2018 ya cinye gidaje sama da 700. Ga mai nazarin duwatsu wannan aji ne a buɗe. Mai asma kuma ya sa hayaƙin dutsen cikin lissafinsa. Babu gada ko jirgin fito tsakanin Hilo da Honolulu, sai jirgin sama.

Jami'o'i masu zaman kansu ba zan daɗe a kansu ba. Hawaii Pacific University (HPU) tana tsakiyar Honolulu, Chaminade ta 'yan Katolika ce, dukansu sai da tallafi mai kauri suke ciyuwa. Jami'ar Brigham Young (BYU) da ke garin Laie a Owahu ta cocin Momon ce, kuɗinta da rahusa, amma sai ka sa hannu a kan dokokinsu. Barin giya ba zai dami Bahaushe ba. Barin shayi da kofi fa? Su ma an hana.

Hanyar da mutane ke rainawa ita ce ƙananan kwalejoji bakwai na jihar, irin su Kapi'olani. Ka yi shekara biyu da kuɗi kaɗan, sannan ka koma Manoa ka ƙarasa, takardar digirinka kuma sunan Manoa za ta ɗauka. Da ƙanena ne zai fara digirin farko da kuɗin gida, nan zan tura shi.

Zaman wurin ba zai yi maka baƙunta sosai ba. Ana cire takalmi kafin a shiga gida, kowane babba kuma kawu ne ko inna ko da babu dangantaka. Abincinsu na gado, poi, gwaza ce ake dafawa a kirɓa. Sai dai naman alade ya shiga abincinsu ƙwarai, musamman na gwangwani mai suna Spam da ake ɗorawa a kan dunƙulen shinkafa a kowane kanti, don haka ka riƙe kifi, ka kuma riƙa tambaya. Azumi ba ya tsawo kamar na Ingila a lokacin zafi. Kuma ka sani 'yan asalin wurin ba su manta da kifar da sarauniyarsu Lili'uokalani a 1893 ba, kada ka yi wasa da zancen.

Agogonsu na bayan na Najeriya da Nijar da awa 11, kiran Hajiya sai ka tsara shi. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin zangon karatu, a cikin makaranta, wanda ba zai biya haya ba. Dokar bizar ma an tsaurara ta a 2025 ga ƙasashe da dama, har da Chadi da Sudan, saboda haka ka tabbatar da matsayin fasfonka kafin ka biya ko sisin kwabo na fom.