Masu tsofaffin Fijo 504 ku yi hattara da mai tallan heda a Facebook

Salam 'yan uwa masu riƙon tsofaffin motoci, dan Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa wani kuɗinku. Akwai wani mutum da ke yawo guruf guruf a Facebook da WhatsApp yana tallan heda, bututan nan da ake ɗaurawa a jikin inji a madadin manifol ɗin salansa mai kwashe hayaki daga inji, wai sitenles ce zalla daga Jamus, ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Sunansa da lambar wayarsa kullum canzawa yake yi shi ya sa ban kawo su ba, hoton ne dai ba ya canzawa, heda tana ta ƙyalli a kan jan kyalle.

Ni 504 gare ni ta Baba Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kakuri har 2006. Manifol ɗinta ne ya tsage, kuma ƙarfen kas, wato na zubi da ake yin manifol da shi, ba ya son walda, sau biyu ana liƙewa yana sake buɗewa, to ina ganin tallan nan sai zuciya ta biya. Tun a waya ya kamata in farga wlh, don na tambaye shi 4-2-1 ce (bututu huɗu su haɗe su zama biyu sannan ɗaya) ko 4-1 (huɗun su haɗe su zama ɗaya kai tsaye) sai ya ce min ai duk ɗaya ne oga, alhali ba ɗaya ba ne, 4-2-1 ita ta fi dacewa da tuƙin yau da gobe, 4-1 sai inji ya hau sama sosai take nuna amfaninta. Amma son abu ya rufe min ido na tura rabi, da ya turo hoton kwali a tasha na cika sauran.

Kaya ya iso na kai gareji ina ta washe baki, ogan bakanikena ya juya ta ya juya ta bai ce komai ba, sai ya aiki yaro ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika ya manna mata, ji kake ƙap, da ƙyar aka ɓamɓare. Ya ce Alhaji sitenles mai lamba 304 da mutumin ya rubuta maka ba ta kama maganaɗisu haka, sai dai ɗan kaɗan a wajen lanƙwasa. Akwai sitenles mai lamba 409 da ke kamawa amma wannan ko ita ba ce, yana goga mata zarto sai ga baƙin ƙarfe a ƙasa, shafe kawai aka yi mata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne farantin da ke manne wa kan inji. Na kirki kaurinsa kan kai milimita 8 zuwa 10, wannan da ƙyar ya kai rabin haka, muka ɗora shi kan gilashi yana ta rawa kamar teburin mai shayi. Irin wannan da ya sha zafi zai bankare, gasket ɗin da ke toshe tsakaninsa da inji ta ƙone, hayaki ya riƙa shigowa cikin mota, kuma gubar da ke cikin hayakin ba ta da wari balle ka ji ta, ga iyali a baya an ɗage gilashi. Wajen lanƙwasa duk an matse bututun ya tsuke, ka haska tocila ciki ka ga tulin walda ya tare hanya. Ramukan noti ma biyu ba su hau ba, dama injin 504 a karkace yake zaune, ba kowace heda ke shiga wajen ba.

Na kira shi ya ce wai yunibasal ce mai shiga kowace mota, bakanikena ne bai iya aiki ba, in bari zai turo wata in dai na biya kuɗin mota. Na ce a dawo min da kuɗina kawai, shikenan ya yi blokin ɗina.

Duk wanda zai saya ya sa a yi masa bidiyo kai tsaye da maganaɗisu a hannu, a auna farantin yana kallo, ya tura tsohuwar gasket ɗinsa a ɗora a ga ramuka sun hau, kuma kada ya cika kuɗi sai bakanikensa ya taɓa kayan. Ni dai kasuwar Panteka na koma na samo manifol na hannu mai lafiya aka ɗaura, hedar tana nan rataye a gareji, ruwan sama ɗaya ya taɓa ta har ta fara jan tsatsa.