Littafin Axler ko ƙaton littafin kalkulas?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka fara nema tsakanin littattafan lissafin nan biyu. Tunda kuɗinka na littafi ɗaya ne, ka fara da littafin liniya aljabara na Sheldon Axler, wato Linear Algebra Done Right.

Ina aji biyu a jami'a na ari littafin wajen wani yayana. Makon farko na ji haushinsa, don na saba da a ba ni matiris (lambobi jere a layuka kamar tebur) in yi ta ninkawa, shi kuwa cewa yake sai ka kawo hujja. Ditaminan ma, wato lamba ɗayan nan da ake cirowa daga matiris, ya ture shi can ƙarshen littafin. Na kwana uku kan tambaya ɗaya, ina rubutu a bayan tsofaffin takardun lakca. Daren da hujjar ta fito, wallahi ban iya barci ba don murna.

Amfaninsa ya bayyana ne a semesta ta gaba, da muka shiga kalkulas mai canji da yawa. Abokaina suna haddace matiris ɗin Jakobi kamar karatun allo, ni kuwa na gane shi nan take: miƙaƙƙen fankshin ne (linear map) wanda ya fi kusa da fankshin ɗinka a daidai wurin da kake tsaye. Wannan r ɗin da ke maƙale a r dr dθ idan ana lissafin fili da nisa (r) da kusurwa (θ), wanda kowa ke mantawa a jarrabawa, ditaminan ne kawai, yana gaya maka yadda fili ya buɗe ko ya tsuke. Gwajin tudu da kwari ma, wato gane inda fankshin ya kai ƙololuwa ko ƙasa, alamar aiginbalu ce (lambar da ke nuna yadda matiris ke miƙa wata fuska) ta matiris ɗin Hesse.

Ƙaton littafin kalkulas ɗin nan mai shafi sama da 1000 na saye shi da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Yana da atisaye da zane masu kyau, ban hana shi wannan ba, amma a laburare ma za ka same shi.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa. Bugu na huɗu na Axler, wanda Springer ta fitar, kyauta ne a intanet bisa izinin marubucin, amma akwai masu tura shi a waya suna karɓar kuɗi. Masu fotokwafi kuma, ka buɗe a gabansu ka duba ƙananan lambobin da ke gindin haruffa. Na ga kwafin da i da j suka koɗe suka zama abu ɗaya, shafuka huɗu kuma babu su a tsakiyar babi.

Ka sauke littafin Axler daga intanet yau, ka kai a buga maka babi uku na farko da tawada mai kyau, ragowar kuɗin ka sayi littafin rubutu mai kauri.